Tsarabar Kunkuru a Parkchester

Duk wanda ya tambaye ni yadda na yi na rayu wata uku a New York, suna ɗaya nake kira masa: Baba Isufu. Shi ya tsince ni a titi, shi ya ba ni wurin kwana, ya ciyar da ni tsawon azumi. Kuma shi ne mutumin da na tsaya a gabansa na ce ba zan karɓi kyautarsa ba. Bari dai in faro daga inda ƙafata ta fara taka garin.

Ni ɗan Nguru ne, aikina ƙidayar tsuntsaye a dausayi. A ɗaya daga cikin shekarun nan da azumi ke faɗowa a watan Yuni aka ba ni gurbin horo kan kiyaye namun gaɓar teku. Murnar da na yi ba ta faɗuwa, don ni da ake kira ma'aikacin ruwa ban taɓa ganin teku da idona ba. Masu horon sun ce masauki a kaina yake. Na sami wani a waya, mai zaƙin baki, ya turo mini hotunan ɗaki a Harlem har da labule da fanka, na tura masa kuɗin kamu tun ina gida.

Da na isa gidan na danna ƙararrawa, wata tsohuwa ce ta leƙo ta bayan sarƙar ƙofa. Na karanta mata sunan mutumin. Ta dube ni, ta dubi akwatina, ta girgiza kai. Ta ce ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar mijinta, kuma ba ni ne farkon wanda aka turo mata da akwati ba. Ta ba ni ruwa mai sanyi a kofi, ta ce in yi haƙuri. Na kira lambar mutumin har wayata ta kusa mutuwa, ba ta shiga ba.

Haka na jawo akwati na faɗa titin 125 ban san inda na nufa ba. Mutane kowa sauri yake kamar an biyo shi, ga tebura jere ana sayar da turare da man kaɗe da hulunan rana. Raina ya ɓaci, ga yunwa, amma abin mamaki idona bai daina kallo ba, ina ta ɗaga kai ina leƙen benaye kamar wanda ba shi da matsala. Ina cikin haka na ji wani ya ce, "Kai, wanga zahi ya hi na Maraɗi!"

Ban san lokacin da na saki akwatin ba. Wani dattijo ne dogo, da farin gemu da kaftani ruwan toka, ya jingina da baƙar mota yana hira da mai turare. Na yi sallama da ƙarfin da ya sa masu wucewa suka waiwayo.

"Wa alaikumus salam," ya ce, yana ƙare mini kallo. "Ɗan Najeriya ne, daga ji. Mi ya hwaru, ɗana? Huskarka kamar wanda anka kora."

Na ba shi labari. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya buɗe bayan mota ya jefa akwatina.

"Bon, shiga mu tahi gida. Wanda ya cuce ka, kai da shi sai gaban Allah."

Wannan shi ne Baba Isufu, mutumin Tasawa, direban haya, ya shekara ashirin da wani abu a garin. Gidansa a Parkchester yake, cikin jajayen benayen nan masu kama da juna, waɗanda na yi mako ina ɓata a cikinsu. Matarsa Anti Memuna 'yar Zangon Kumasi ce, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. 'Ya'yansu sun girma sun tafi wasu garuruwa, ɗakin ƙaramin aka ba ni. Da na yi maganar kuɗin haya, Baba ya ɗaga mini hannu, bai ko bari na ƙarasa ba. Ita kuwa Anti ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ei, yaron nan ya rame paa! Alaji, a ina ka samo shi? Zo ka zauna ka ci wakye." Ashe shinkafa da wake take nufi.

Hausa iri uku ake yi a gidan nan, kowa na yi wa ɗan'uwansa dariya. Anti kowa "shi" ne a bakinta, mace da namiji. Baba kuma ya ce mu 'yan Najeriya mun lalata harshe da Turanci, alhali shi ba ya gama zance bai jefa Faransanci ba.

Wurin aikina gandun tsuntsaye ne a Jamaica Bay, can ƙarshen gari kusa da filin jirgin sama. Daga Parkchester sai in hau jirgin ƙasa mai lamba shida in gangara Manhattan, in sauya zuwa jirgin A, in zauna har ɗuwawuna su yi tsami. Ranar farko ina gyangyaɗi a cikin duhun rami, sai kawai jirgin ya ɓullo sarari ya hau kan ruwa. Ruwa dama, ruwa hagu, ga ciyayi kore shar, ga fararen zalɓe tsaye a ciki kamar a dausayinmu na Dagona. Na miƙe tsaye na manna fuskata da gilashi ina cewa "Allahu akbar!" Matar da ke kusa da ni ta janye jakarta ta koma wata kujera, ban damu ba.

Shugabar aikin wata dattijuwa ce mai suna Judi, gajera, rana ta ƙona mata hanci, ba ta rabuwa da malafa. Ita ta fara nuna mini abin da ya fi komai ba ni mamaki. Da safe ta kafa sanda a bakin ruwa ta ce in lura. Kafin azahar ruwa ya haɗiye sandar, kafin la'asar ya janye ya bar laka da ƙananan kaguwa suna guje-guje. Mu a Nguru shekara guda muke jiran ruwa ya zo ya koma, su nan sau biyu a yini. Na karanta wannan a littafi tun ina makaranta, amma da na gani sai na zauna a kan yashi ina dariya ni kaɗai.

Aikinmu na kunkurun ruwa ne. Mu kififiya muka sani a gida, wannan kuwa ƙoƙonsa tauri gare shi, da zane zagaye-zagaye, fatarsa fara da ɗigon baƙi. Ba ya rayuwa a ruwan daɗi zalla, ba ya kuma shiga tsakiyar teku, sai inda ruwan gishiri ya gauraya da na rafi. Mazan ba sa hawa tudu. Matan ne ke fitowa a wannan lokaci na shekara, idan ruwa ya cika rana ta take, su nemi yashi su yi ƙwai. Kai kuma sai ka laɓe a bayan ciyawa ka daskare, don in ta ga motsinka fasawa za ta yi ta koma ruwa. Sai ta gama ta rufe ramin sannan ka kama ta ka auna, ka duba tsagen da aka yi mata da zarto a gefen ƙoƙo. Kowace da nata tsagen, kamar na fuskar mutanen da, da shi ake gane ta in ta dawo baɗi. Sannan a sake ta, a kifa kejin waya a kan ramin, saboda wata dabba da suke kira rakun, mai baƙi a ido kamar ta sha kwalli, wadda ke tone ƙwan ta shanye.

Ba wasa ba ne. Azumi ya kama, yinin garin kuma ba ya ƙarewa, sai ka ga rana ta tsaya a sama ta ƙi faɗuwa. Ga sauro, ga kaska, ga wani ganye da ya fi karara sharri, wanda ya kumbura mini hannu har Anti ta yi ta shafa mini man kaɗe tana yi mini tsiya. Wata rana ina kwance a ciyawa, maƙogwarona ya bushe, sai na tuna kunun tsamiyar Inna da yadda take ajiye mini nawa a kwanon sha mai murfi. Hawaye ya zubo mini, ban ma iya sharewa ba don akwai kunkuru a gabana tana tono. Judi da ta gane ina azumi sai ta riƙa ba ni wurin da ke da inuwa, ita da sauran kuma suka daina shan ruwa a gabana, sai su zagaya bayan bishiya. Na ce musu ba komai, ba su fasa ba.

Amma duk wahalar nan, da zarar na ga ƙaramin kai ya ɓullo daga ruwa yana leƙen gaɓa, sai in manta da ƙishi. Kullum da labari nake komawa gida. A wurin shan ruwa ba na barin kowa ya yi magana, kunkuru kaza ta yi kaza, wata ta tona rami uku ta fasa. Baba ya riƙa girgiza kai.

"Ikon Allah. A ɗauko mutum daga Najeriya cikin jirgin sama don shi yi gadin kunkuru! Memuna, kin ji aikin ɗan lakwal, ɗan bokon nan namu?"

"Bar shi, Alaji. Kai ma ai gadin sitiyari kake yi."

Wata rana yana cikin tsokanar sai ya ce a gidan mahaifinsa a Tasawa akwai wani ƙaton kunkuru da ya girme shi. An huda gefen ƙoƙonsa an ɗaure shi da igiya a gindin ɗurumi, suna yara suna hawa bayansa. Ya ce tsohuwarsa takan ce gidan da ke da kunkuru ba ya rasa kwanciyar hankali. Bai san abin da ya sami kunkurun ba bayan an raba gado an sayar da gidan. Ya faɗi haka ya ci gaba da shan kokonsa.

Ana cikin goman ƙarshe na azumi, na dawo da yamma a gajiye, na tarar da Baba ya riga ni gida, abin da ba ya yi. Yana zaune a falo da ƙusa da ƙaramar guduma a kan tebur, fuskarsa cike da fara'a. Anti na kicin tana suyar ƙosai tana mita.

"Habibu, zo ka ga abin da Babanka ya sa mini a bafrum. Ni ba zan shiga ba kraa!"

"Wala! Ga mai ita ya zo," Baba ya ce, ya miƙe ya kama hannuna. "Taho ka ga tsarabarka."

Ya tura ƙofar banɗaki. A cikin bahon wanka, cikin ruwan famfo, da ganyen latas da gutsuren tuwo suna yawo, ga ƙatuwar macen kunkuru tana ta karta bango da farce tana zamewa.

"Na kai hwasinja hilin jirgi," in ji Baba, "na biyo ta hanyar nan da ta ratsa ruwanku. Sai ga ta tsakiyar kwalta, motoci na wucewa ta bisa kanta. Na taka burki, na baya na ta yi mini oda, na hita na ɗauko ta. Na ce wanga yaro kullum tahiya yake kamar zai bar duniya don shi ga kunkuru, to ga kunkuru har gida. Dubi nan, wani ma ya riga ni, ya hwara hudawa bai iya ba. In mun sha ruwa sai in huda mata da kyau mu sa igiya."

Ya nuna gefen ƙoƙon. Tsagenmu ne, na zarto, tsohon tsage da ya riga ya goge. Wannan tana cikin waɗanda aka yi shekaru ana bi. Kuma abu ɗaya ne ke sa irinta ta hau kwalta a watan nan.

Na sunkuya na tsamo ta, na zare toshiyar bahon. Judi ta sha gaya mana cewa mai ƙwai in ta firgita a tsare takan zubar da su a ruwa, ƙwan da ya kwana a ruwa kuma ya mutu. Na riƙe ta tana ta harbin iska da ƙafafu, na juyo na fuskanci mutumin da nake ci nake sha a gidansa. A inda na tashi ba a mayar wa babba kyauta, ko ba ka so sai ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya.

"Baba, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ba zan iya riƙe ta ba. Dole a mayar da ita inda aka ɗauko ta."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa a hankali. Anti ta fito daga kicin da matsami a hannu ta tsaya.

"A maida ta? Bisa kwalta, mota ta take ta?"

"Ba a kan kwalta ba, Baba. Doka ma ta hana a ajiye su a gida, kuma..."

"Doka." Ya gyaɗa kai. "Ran da na ɗauko ka a Harlem, wace doka na tambaya? Na tsaida mota tsakiyar hanya, an zage ni da Turanci, don in hwaranta maka rai. Yau kyautata ce ta yi maka wari?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ji kamar in ce na karɓa a wuce wurin, in ya so in san yadda zan yi daga baya. Amma ga ƙusa da guduma a kan tebur, ga ta a hannuna tana numfashi. Sai na ce, "Baba, don Allah ba ni yatsanka."

Ya dube ni kamar na zautu. Anti ta ce, "Ba shi mana, Alaji." Ya miƙo da ƙyar. Na ja ƙafarta ta baya a hankali, na sa yatsan nasa a kwarmin da ke gaban cinyar, na ɗan karkata ta yadda aka koya mana. Na ga lokacin da ya ji su, don girarsa ta ɗaga. Abubuwa ne masu tauri, mulmulallu, jere a cikin cikinta.

"Subhanallahi. Ciki gare ta?"

"Ƙwai ne. Wurin da za ta zuba su take nema kuka haɗu."

"Ei, Alaji!" Anti ta dafa ƙirji. "Mai naƙuda ka tare a hanya ka kawo mini bafrum!"

Baba bai yi dariya ba. Ya zare hannunsa, ya wanke, ya koma falo. Aka kira salla a wayar Anti, muka sha ruwa. Ranar ce kaɗai ban ba da labarin kunkuru a gidan ba. Na sa ta a kwali busasshe da tsohon tawul, na ajiye a lungu mai duhu, na kira Judi. Ta ce kada in kai ta gandu, in mayar da ita daidai inda aka tsince ta, in tsallakar da ita ɓangaren da ta nufa, ita ma za ta same ni a can. Matsalar ita ce hanyar doguwa ce, kuma mutum ɗaya ne ya san wurin. Da na gaya wa Baba, sai ya ce ba ruwansa da ma'aikatan gwamnati, lasisinsa shi ne abincinsa, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Na kwanta ina tunanin inda zan nemi masauki in gari ya waye.

Da hantsi na rungumi kwalin na fito, niyyata in hau jirgi in je in yi ta lalube. Ina buɗe ƙofar bene na ga baƙar motar a bakin hanya, injin na aiki. Baba bai dube ni ba.

"Kai ka san wurin? Ni na ɗauko ta, ni ka maida ta. Shiga."

Muka ratsa gari, muna jin ƙarar farcenta a jikin kwali. Da muka hau hanyar da ta ratsa ruwa ya rage gudu, yana leƙe. Ya wuce, ya yi kwana ya dawo, ya sake wucewa. Can ya ce, "Nan ne. Ga allon nan da mota ta tanƙwara." Ya faka a gefe. Na tambaye shi wajen da kunkurun ta fuskanta jiya. Ya tsaya ya rufe ido, ya juya jikinsa kamar mai neman alƙibla, sannan ya nuna yamma, inda wani tudun yashi yake bayan ciyayi.

Shi ya ɗauki kwalin da kansa. Muka kutsa ciyawa, na nuna masa ganyen da zai kauce wa, muka ajiye ta a bakin yashin muka ja baya.

"Yanzu sai mu kwanta, Baba."

"Mu mi?"

"Mu kwanta rubda ciki. In ta gan mu ba za ta yi ba."

Ya dubi kaftaninsa mai guga, ya dube ni, ya yi tsaki, ya kwanta.

Ta ja kai da ƙafafu cikin ƙoƙo ta yi lamo kamar dutse. Rana ta fara cizo. Wayar Baba ta yi ƙara, fasinja ne, ya kashe. Ta sake yi, ya kashe ta gaba ɗaya ya tura aljihu. Ni kuwa ina tsoron ko wahalar jiya ta sa ta fasa, ta juya ta koma ruwa ta zubar. Sauro ya sauka a kunnen Baba, na ga yana ta murza fuska amma bai ɗaga hannu ba.

Sai kan ya fito. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu, ta miƙe ta fara tafiya. Ta dangwala hanci a yashi, ta wuce. Ta sake dangwalawa, ta watsa yashi da ƙafar gaba, ta wuce. Baba ya raɗa mini, "Wagga ta hi Memuna zaɓe a kasuwa." Na danne dariya har cikina ya ƙulle. A wuri na gaba ta tsaya, ta kafa ƙafafun gaba, ta fara tono da na baya, wannan ta ɗebo ta ajiye, waccan ta ɗebo ta ajiye, ba ta ko waiwaya ta ga abin da take yi. Na ji Baba ya kama hannuna ya matse.

Da ƙwan farko ya faɗa ramin, fari mai ɗan ja-ja, sai na ji yana salati ƙasa-ƙasa. Suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya, tana gyara kowanne da ƙafa. Ni da na ga wannan sau da yawa, ranar ji na yi kamar in tashi in yi ihu duk New York ta ji. Ta gama, ta mayar da yashi, ta daddaɓe shi da ƙirjinta har wurin ya koma kamar ba a taɓa ba.

Judi ashe ta iso tun ɗazu, tana tsugune a bayanmu da kejin waya. Ta kama kunkurun ta duba tsagen, ta ce tsohuwar sani ce, tun kafin gashinta ya yi fari suke haɗuwa. Sannan ta tambayi wanda ya ɗauke ta daga kan kwalta. Baba ya miƙe yana kakkaɓe yashi, jikinsa ya ɗan sandare. Ya ce shi ne. Ta ce a makon nan kaɗai ta kwashe gawar da yawa a hanyar nan, direbobi ƙalilan ne ke taka burki. In ya sake ganin wata, ya tsallakar da ita kawai inda ta nufa, kada ya kai ta yawon Bronx. Ta miƙa masa kunkurun ta ce shi ya kamata ya sake ta.

Ya karɓe ta da hannu biyu, ya gangara har takalminsa ya nutse a laka, ya ajiye ta a bakin ruwa. Ta shige ba ko waiwaye. Ya daɗe tsaye yana kallon inda ta nutse. Ni kuma na kifa kejin a kan ramin, ina buga turakunsa da gudumar Judi, ina satar kallonsa, don har lokacin ban san matsayina a wurinsa ba.

Ya hauro a hankali, kaftani duk yashi, gemu duk yashi, ya tsaya a kaina.

"Yaushe za su hito?"

"Sai wajen watan Satumba, Baba. Wataƙila na riga na koma gida."

Ya dubi kejin. Sannan ya nuna shi da baki.

"Waccan ta tahi, ba tawa ba ce balle in bayar. Amma waɗanga da ke cikin ƙasa, da ban taka burki ba da babu su. Ko ƙarya na yi?"

"Gaskiya ne, Baba."

"To su na ba ka. Ka karɓa, ko su ma doka ta hana?"

Na ajiye gudumar, na miƙe, na kama hannunsa da hannuwana biyu.

"Na karɓa, Baba. Na gode."

"Bon," ya ce, ya zare hannunsa ya laluba aljihu yana neman makulli. "Ka yi gadinsu da kyau. In ka tahi ka bar mini sauran, ai hanyata ce."